Dodon Da Ya Kama Ƙafata Ranar Baftisma

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka shigar da ni rafi za a yi mini baftisma ba, ina ƙato da gemuna, a ƙarshen daminar 1991. Ko yau na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A lokacin ina sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, a kwatas ɗin reluwe kuma aka haife ni. Ruwan da na sani shi ne na famfo da na bokiti, ban iya iyo ba ko na sisin kwabo. Ina zuwa coci kamar kowa, amma zancen baftisma kullum sai in ce sai baɗi. Ana nan sai Allah ya haɗa ni da Rifkatu, malamar firamare, 'yar wani ƙauye can bayan duwatsun Kagoro. Na mutu a kanta, ba na ɓoyewa. Mahaifinta, Baba Ishaya, dattijon ikilisiya ne, irin mutanen nan da ko gaisuwa sai sun auna ka kafin su amsa. Da iyayena suka je tambaya, magana ɗaya ya yi musu:

"Yaron da ba a tsoma a ruwa ba, ba zai ɗauki 'yata ba. Kuma ba a wannan tankin siminti naku na gari ba. A rafinmu, a gaban idona."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na shiga ajin baftisma na cocinsu, kowace Asabar in hau mota in je in zauna a benci tare da yaran da na kusan haifa, gwiwoyina suna taɓa haɓata. Na haddace duk abin da aka ce a haddace. Komai yana tafiya daidai, har ranar da bakina ya ja mini, na faɗa wa Kaka sunan rafin.

Kaka mahaifiyar mamata ce, a gidanmu take zaune, kuma 'yar wannan yankin ce. Hausarta ta koyo ce, ba ruwanta da namiji ko mace, amma idan ta ba da labari sai tsigar jikinka ta tashi. Tana tsintar wake na faɗa mata. Sai ta ajiye tiren a hankali.

"Angona, wane rafi ka ce?"

Na maimaita.

"Kai! Wannan ruwa yana da mai shi. Dodo yana ciki. Hannu dogo kamar gora, sanyi kamar kwaɗo. Ba ya son yaro, ba ya son tsoho. Wanda zai yi aure yake so, yana jin warin shi tun daga bakin ruwa. Ƙafa yake kamawa."

Na yi dariya, irin ta wanda ya yi sakandare. Na ce, "Haba Kaka, ai shekara da shekaru ana baftisma a wurin."

Ta ce, "Yara ake yi ma. Ka taɓa ji an kai ango?" Daga nan ta kawo labarin wani saurayi a zamanin 'yanmatancinta, wanda ya je wanke ƙafa ana gobe bikinsa, hularsa kawai aka gani tana juyi a kan ruwa.

Na daina dariya. Don in samu wanda zai ƙaryata ta, sai na tsallaka wurin maƙwabciyarmu Mama Nkechi, matar wani direban jirgi, mai sayar da garin rogo da manja. Kuskure na biyu ke nan. Ta ɗora hannu biyu a ka.

"Chineke! Mami Wata ke nan! A garin mu ma akwai shi. Idan ya ga yaro mai kyau kamar kai, shi ke nan, ya tafi da shi ƙasan ruwa ya aure shi."

(Wannan ne karo na farko da wata ta ce mini mai kyau, kuma wallahi ban ji daɗinsa ba.)

Tun daga ranar hankalina ya rabu biyu. Abinci ba ya shiga. A wurin aiki mai zuwa Jos sai in miƙa masa tikitin Inugu, sai da wani ɗan kasuwa ya tambaye ni ko an yi mini rasuwa ne. In na fasa baftisma na rasa Rifkatu, in na shiga ruwa dodo ya samu ango. Na yi niyyar faɗa mata, na buɗe baki, sai ta riga ni: "Ka san Baba ya fara yabonka? Ya ce da alama kana da bangaskiya." Na haɗiye maganata, na ce ai duk aikin Ubangiji ne.

Asabar ta ƙarshe, wadda Fasto ya ce kada kowa ya kuskura ya yi fashi domin ranar za a bayyana yadda ake yi a cikin ruwa, ban je ba. Ina gida gurfane gaban Kaka ina neman makari. Ta ce abu ne mai sauƙi. Kada in yarda in buɗe ido tun daga bakin rafi, domin duk wanda ya haɗa ido da shi da ƙafarsa yake bin sa. In ya kama ni, in shure shi da iyakar ƙarfina.

"Kuma ka gaya ma shi ba ka da mata. Da ƙarfi, ya ji. Ka ce ba ka san yarinya ba. Idan ya ji babu aure, zai sake ka."

Na ce, "Kaka, ai ƙarya ce."

Ta ce, "Ƙarya da mutuwa, wanne ka zaɓa?"

Ranar Lahadi, da aka tashi sujada, aka ɗunguma zuwa rafi da rana tsaka. Zumuntar mata, wato ƙungiyar matan coci, suna gaba da anko ɗinsu, suna buga tulu suna waƙa, mahaifiyar Rifkatu ce ke ba da waƙar. Iyayena sun zo daga Kafanchan, abokan aikina ma sun zo, har da Mama Nkechi, wadda ta ce ita ta zo ne ta ga abin da idonta. Muna gangarawa na hango ruwan. Jama'a! Ja wur da laka, ya cika ya batse, yana gudu yana gurnani, ga wata ƙatuwar bishiya ta sunkuyo a kansa ta yi duhu. Na waiga na ga Rifkatu cikin farin ɗankwali tana yi mini murmushi.

Da yake ni ne babba a cikin masu baftisma, sai aka sa ni a gaba. Ko damar in ga yadda za a yi wa wani ban samu ba. Ina taka bakin ruwa na runtse ido gam. Fasto ya kama hannuna yana ja na kamar makaho, har na ji wata tsohuwa tana cewa, "Ku dubi yaron nan yadda ya duƙufa da addu'a." Addu'a kam ina yi, amma ba irin wadda take zato ba.

Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kusa ƙirji. Sanyi ya ratsa ni, laka tana tsotsar yatsuna, ruwan yana tura ni kamar ana cunkoson shiga jirgi. Fasto ya juya ni, ya dafa bayana, ya tambaye ni ko na ba da gaskiya. Na ce e, da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba. Waƙa ta tsaya, wuri ya yi tsit. Ya ɗaga murya ya fara, "Ina yi maka baftisma cikin sunan Uba..."

Caraf! Wasu hannaye biyu masu sanyi suka damƙe idon sawuna a ƙarƙashin ruwa.

Ba na jin akwai abin da na taɓa yi a rayuwata da zuciya ɗaya kamar shurin nan. Na fizge ƙafar dama na sake ta gaba, na ji dunduniyata ta sauka a kan wani abu mai tauri, ƙwas! Na rungumo wuyan Fasto muka nutse tare, muka taso, na haye kafaɗarsa kamar biri, idona har yanzu a rufe, na wage baki da muryar da nake sanar da isowar jirgi:

"Ba ni da mata! Ban san ta ba! Ban san Rifkatu ba! Wallahi ban san ta ba! Na fasa auren!"

Duwatsun wurin ma sai da suka maimaita.

Da na ji ba a sake kama ni ba, sai na buɗe ido ɗaya. Abin da na fara gani shi ne Fasto a ƙarƙashina yana tari yana aman ruwa, tabaransa ya tafi. Na buɗe ɗaya idon. A gabana, cikin ruwa zuwa wuya, ga Baba Ishaya ya toshe baki da hannu, jini yana bin yatsunsa.

Abin da aka koyar a ajin da na yi fashi ke nan. Saboda ƙarfin ruwan, idan Fasto zai kwantar da mutum ta baya, sai dattijo ɗaya ya durƙusa a gabansa ya riƙe masa ƙafafu, don kada ruwa ya kwashe shi. Kowane yaro a layin nan ya san haka. Kuma a ranar ba Baba Ishaya ne ke da aikin ba, shi ya roƙa a bar masa, wai yana so ya riƙe surukinsa da hannunsa.

Babu wanda ya yi motsi a bakin rafi. Can sai wata daga cikin zumuntar mata ta ce, a hankali amma kowa ya ji, "To, ya yi musu sau uku kamar almajirin nan da ya yi musun Ubangiji, saura zakara ya yi cara." Yara suka fashe da dariya, aka bi su da ranƙwashi. Mamata ta ja gyale ta rufe fuska. Mama Nkechi kuwa tana ta tsalle tana nuna ruwa tana cewa, "Na faɗa! Na faɗa!" sai da mijinta ya ja ta gefe. Na nemi farin ɗankwali a cikin taron, na hango shi yana hawa gangare, ba waiwaye. A lokacin na so a ce dodon gaske ne, ya zo ya tafi da ni kowa ya huta.

Baba Ishaya ya tofar da haƙorinsa na gaba a tafin hannu, ya dube shi, ya dube ni, ya sa shi a aljihu. Ni na fito daga ruwa ba baftisma, Fasto ne ya sha tsomawa.

Da muka koma gida Kaka ta saurari labarin duka, ta gyaɗa kai, ta ce, "Amma ai ya sake ka."

Bayan an kwana biyu kawuna ya raka ni ba da haƙuri. Na durƙusa a tsakar gidan Baba Ishaya, na kwashe komai na faɗa, tun daga tiren wake. Leɓensa a kumbure yake. Da ya buɗe baki sai iska ta riƙa fita ta giɓin tana fito.

"Na yafe haƙori. Amma ka ce ba ka san 'yata ba a gaban ikilisiya. To, sai ka koma ka fara saninta daga farko. Aji kuma daga farko. Baɗi, rafin nan dai."

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ke jirana a bayan rumbu, inda Rifkatu take surfe. Ba ta ɗago ba. Na yi ta zuba, tsoro ne, Kaka ce, ba daga zuciyata ba ne. Ta jingine taɓarya ta dube ni, idonta ya yi ja.

"Ni ba haƙorin Baba ne ya dame ni ba. Ashe ranar da abu ya kama ƙafarka, ni ce farkon abin da za ka saki."

Har yau ban samu amsar da ta isa ba. Shekara guda na yi ina zarya, ina zama a bencin yara, ana nuna ni a kasuwa ana cewa ga Ban-San-Ta-Ba. Wata da watanni gaisuwa kawai take amsa mini, ita ma a taƙaice.

Da damina ta zagayo na sake shiga ruwan, tsoron kuma yana nan, ba inda ya je. Amma wannan karon idona a buɗe tar. Baba Ishaya ya durƙusa a gabana, ya ɗan kauda fuska gefe, ya ce, "Ɗana, ni ne. Zan kama yanzu." Ya kama. Ƙafata ta yi rawa, na danne ta. Kafin Fasto ya fara, na juya wajen taron na ɗaga murya na ce, "Na san Rifkatu!" Zumuntar mata suka rangaɗa guɗa, ita kuma ta rufe fuska da ɗankwali, kafaɗunta suna girgiza. Aka tsoma ni, na fito da raina.

An ɗaura auren kafin Kirsimeti. A hoton bikin kowa yana dariya ban da surukina, wanda ya tsuke baki gam.

Abin da na koya bai da yawa. In za a tsoma ka, buɗe ido ka ga mai riƙe da ƙafarka. In kuma tsoro ya sa dole sai ka yi ihu, to ka kira sunan uwarka kamar kowa, kada ka yi musun mace a gaban zumuntar mata. Dodo dai ban taɓa ganinsa ba balle in san halinsa, amma su na san nasu. Jikokina ma sun ji labarin, kuma ba daga bakina ba.