Yau Bokiti Ke Da Makaranta

Jama'a, yau da sassafe na tashi yarana uku na ce maza a yi wanka, rediyo ta ce an buɗe makarantu. Maman yara har rawa ta taka a kicin. Tun da annobar nan ta zaunar da su a gida, ba su da sana'a sai ci da fasa kofuna. Auta ya zura wandon makaranta, ya tsaya masa a gwiwa kamar mai shirin tsallake rafi. Na jera su a babur, kowa da takunkumi a baki, muka fita kamar 'yan fashi masu ladabi.

Ashe ganin hadari ne ya sa ni wanka da kashi. A ƙofar makaranta mai gadi ya tare mu da sanda.

"Malam, sai ina?"

"Baba, yara na kawo. Ba an buɗe ba?"

"An buɗe mana. Amma yau ba ta yara ba ce, manya sun zo ƙaddamar da bokiti."

Wallahi bokiti. Na leƙa ta katanga, ga Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle, takunkuminsa a haɓa kamar gemun aro, tsaye gaban bokitin wanke hannu mai famfo. Yana jawabi a kan ba da tazara, mutanensa sun matse shi har hula ta karkace. Ya yanke ƙyalle, ya murɗa famfo, ko ɗigo. Aka tafa. Sai wani ya sungumi bokitin ya cusa a bayan mota, wai makarantar gaba na jiran nata bikin. Allah ya ja zamanin masu tattali! Ina aka taɓa ganin bokiti ɗaya ya tsare lafiyar gari guda, kuma babu ɓarnar ruwa?

Hedimasta ya fito yana share gumi, ya ce mu koma gida sai an ji sanarwa.

A bakin layinmu na iske maƙwabtana ana kai ruwa rana. Tela ɗan ga-ni-kashe-nin jam'iyyar Masu Kujera ne, mai aski kuma na Masu Jiran Kujera.

"A buɗe!" in ji tela. "Jahilci ya fi annoba kisa." Bayansa yunifom ne jibge, ya ɗinka babu mai karɓa.

"So kuke ku kashe mana 'ya'ya!" in ji mai aski, alhali yaran unguwa sun cika shagonsa maƙil suna kallon ƙwallo, wani a kan cinyar wani.

Ana haka rediyon shagon ta ce Masu Kujera sun ɗage buɗewa don kare lafiyar yara. Kafin mu haɗiye yawu, Ranka-ya-daɗe Jagoran Masu Jira ya shigo da zafinsa, wai ana kashe ilimi, dole a buɗe gobe.

Tela ya yi gyaran murya. "To, ai dama lafiya uwar jiki."

Mai aski ya buga almakashi a tebur. "Sai yaushe ɗan talaka zai yi karatu a ƙasar nan?"

Ko ƙifta ido babu wanda ya yi a cikinsu.

Babbar 'yata, wadda jarrabawar fita ke gabanta, ta ja ni gefe. "Baba, mu fa?"

Na ce manya sun ce a yi karatu ta intanet. Ta dubi wayata mai ɗaure da roba, ta dube ni. Na ce ai haƙuri maganin zaman duniya ne. Ta ce ba ya cikin darussan da za a tambaye su.

Ni dai annobar nake tausaya wa yanzu. Baiwar Allah, har yau ba a gaya mata jam'iyyar da take ciki ba, shi ya sa take ta kama kowa.