Ƙofar da Kuka Ce In Rufe

Zuwa ga mai girma Shugaban Sashen Masu Aiki Daga Gida,
Kamfanin Fassara na Kalmasud, birnin Liyon.

Zango, Wagadugu, 14 ga Mayu, 2007.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, da tambayar lafiyar iyali, ina sanar da kai cewa takardar yabonku ta iso. Kun ce a watan jiya babu ma'aikacin da ya kamo ƙafata, kun kuma nemi in bayyana wa sauran yadda na shirya ofishina a gida. To ga bayanin, don kowa ya amfana.

Shekara guda ke nan ina mayar muku da littattafan rigakafin dabbobi daga Faransanci zuwa Hausa, ina turawa ta layin tarho. Wata uku da suka wuce kuka yi mini kashedi cewa ina makara, in na sake za ku sallame ni, kuka haɗo da ɗan littafinku na shawarwari. Na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya. Kun ce a zaɓi wuri mai shiru. Mu goma sha tara ne a gidan nan, sai na kafa teburi a zaure, inda mai shiga da mai fita duk suke bi. Shin a Liyon mutum yakan wuce ɗan'uwansa bai tambaye shi gajiya ba? A nan gaisuwa ɗaya takan cinye shafi guda.

Na biyu. Kun ce a sanar da maƙwabta cewa aiki ake yi. Na sanar. Sai dai a Zango magidanci ba ya wuni a gida sai in ciwo ya kwantar da shi ko an kore shi. Aka yi ta zuwa dubiya. Kaka Iyatu ta kawo jiƙo, direbobin Nijar suka zo ayari guda, matata Ikilima ta yi ta dama wa baƙi zomkom, ruwan garin geron nan na Mossi, har geronmu ya ƙare. Malam Na'Allah, wanda ya koya mini karatun allo, kullum da hantsi sai ya shigo, ya daɗe yana duban kwamfutar da nake aiki da ita, ya ce in yi haƙuri, Allah zai kawo aiki. Ban taɓa iya gamsar da shi cewa aikin ne a gabana ba.

Na uku. Kujera mai jingina da kuka ambata, na saya. Ba a barin babba a tabarma, don haka Malam ne ya san daɗinta.

Na huɗu. Kun rubuta da manyan baƙaƙe cewa a rufe ƙofa. Ranka ya daɗe, wannan kam ta yi aiki. Na kwashe buhunan gawayi daga ɗakin ajiya na ƙuryar gida, na koma can, na sa sakata, na toshe kunne da auduga kamar yadda shafi na tara ya nuna. Na manna takarda a ƙofa da Faransanci da boko da ajami, cewa kada a ƙwanƙwasa ko mene ne ya faru. Malam ya zo sau biyu, ya karanta ajamin, ya juya. Bai sake zuwa ba. Aikina ya ninka.

Na biyar. Ran Talatar ƙarshe ta watan jiya Malam Na'Allah ya rasu da sassafe. Aka aiko Boukari direba ya kira ni. Ya tsaya a ƙofa ya karanta takardar, shi kuwa mutum ne mai ladabi. Ikilima tana gidan rasuwa cikin mata, ta ɗauka ina cikin maza. Aka yi wanka, aka yi salla, aka wuce da makara ta ƙofar gidanmu. Na fito alwalar azahar, na tarar mutane suna dawowa daga maƙabarta. A wannan safiya na gama shafi goma sha ɗaya a kan ciwon huhun shanu, babu kuskure ko ɗaya. Kuna iya dubawa.

Babu wanda ya zage ni, da ma sun zaga. A masallaci ana amsa gaisuwata a taƙaice, kamar ta baƙo. Na sake karanta littafinku daga farko har ƙarshe, ban ga shafin da ya yi maganar wannan ba. Ko yana cikin bugu na biyu? Kunya nake ji, ranka ya daɗe, kuma ina kewar tsohon nan.

Ga sauran ma'aikata, shaidata ita ce littafin ba ya ƙarya, duk abin da ya alkawarta yana cikawa. Ni dai jiya na sa kafinta ya cire ƙofar, na mayar da teburi zaure. Aikin wannan wata zai makara, na watan gobe ma haka. In kun ga ya dace ku sallame ni, ku aiko da takardar, ba za a sha wahalar samuna ba. Tun safe nake zaune a nan, ana ta wucewa, har yanzu dai babu wanda ya zauna.

Allah ya ƙara wa kamfani ɗaukaka, ya ja zamanin shugaba.

Naka mai biyayya a kowane shafi,
Waliyullahi Illiya,
Mai fassara, Zango.