Sanarwar Rasuwar Opal, Murhun Ƙyafe Naman Babanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farata masu cike da jan fenti, ni Royce Vacek nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na garin Schulenburg, jihar Texas, da kewaye rasuwar Opal, murhun ƙyafe naman gidanmu. Ta cika ranar Talata da hantsi a bayan garejina, a kan tirelarta, tana da shekara arba'in da shida. Kada kowa ya ɗora wa tsufa laifi. Ni na kashe ta, kuma da niyyar alheri.

Babanmu Alvin ne ya haife ta da hannunsa. Tsohon tankin gas ya samo, ya yanka, ya yi masa walda, ya ɗora a kan tirela mai taya biyu, ya raɗa masa sunan gwaggonsa don ita ma ba a yi mata gaggawa. Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta cin itace da yawa. A ba ta naman ƙirjin saniya da gishiri da masoro, a ƙyale ta awa goma sha huɗu, ta dawo da nama wanda mara haƙori zai ci ya nemi ƙari. Ta ciyar da bukukuwan aure, ta ciyar da masu zaman makokin mahaifiyarmu, kuma ba ta taɓa fashin taron dangi da muke yi duk shekara a harabar coci ba.

Ba ta da yawan magana. In an ɗaga murfinta takan ce ƙiiii, in kitse ya ɗiga ta ce tsss. A kan hanya kuwa ƙwaram-ƙwaram take yi, tun daga nesa dangi sun san mun taho.

Bara waccan ɓarin jikin Baba ya shanye, aka kai shi gidan kula da tsofaffi. Kowa ya ɗauka yayana Wendell ne zai gaji Opal, don shi ya san wuta. Sai Baba ya ba ni ita. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka riƙe ta, kada ka yi mata wayo."

Ciwonta na ƙarshe tsatsa ce, kuma ta daɗe tana zaune da abinta lafiya. Ni ne abin ya dama. Wendell ba ya wucewa ta gidana bai tambaya ba ko kaji nake shirin kiwo a ciki. Da likita ya yarda a fito da Baba taron bana, ya kuma ja mu gefe ya ce kada mu sa ran na baɗi, sai na yi alkawari tsoho zai ga Opal tana sheƙi kamar ranar da ya ƙera ta. Na kankare tirela, na sa sabbin tayoyi, na ɗiga wa murfi mai har ya daina kuka. Sannan na yi hayar injin fesa yashi mai kankare tsatsa. Chuy mai walda, maƙwabcina, ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Royce, goge waje ka bar ciki. Baƙin nan ba dauɗa ba ne, shi ke riƙe da ita."

Duk ɗan Texas ya san ba a wanke cikin murhu, ni ma na sani. Amma injin yana hannuna, aiki yana daɗi. Cikin yini guda na share maiƙo da hayaƙin shekara arba'in da shida. Da na leƙa, sai ga hasken rana yana shigowa ta ko'ina kamar rariya. Maimakon in tsaya in kira Chuy, kunya ta sa na toshe hujojin da abin cike jikin mota, na bi da jan fenti waje da ciki. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Ranar Talata na hura wutar gwaji da ƙirji ɗaya. Fenti ya fara tafasa, hayaƙi ya fito kore. Naman da na ciro, karena ya sansana ya koma ƙarƙashin mota. Ina tsaye ina kallo gindin ɗakin wuta ya zube, garwashi ya sauka a kan sabuwar taya. Kalmarta ta ƙarshe ita ce fuuus. Chuy ya zo ya ƙwanƙwasa ta da guduma, gudumar ta shige. Ya cire hularsa, ya ce babu ƙarfen da walda za ta kama.

Marigayiya ta bar tirela mai taya ɗaya, da ƙirjin saniya goma sha takwas a firjin ƙanwata Darlene, da mutum ɗari da arba'in da za su zo ranar Asabar da yunwarsu. Ta bar Wendell, wanda tun da ya gani bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, abin da ya fi zagi ciwo. Ta kuma bar Baba, wanda bai sani ba.

Masu cewa in ari murhun wani, na gode, zan ara don baƙi su ci. Amma idon Baba ne ya dushe, harshensa na nan. Loma ɗaya zai gane. Jiya ya sa aka kira masa ni a waya, da ƙyar maganar ke fita. Ya ce, "Ku ajiye kujerata kusa da ita. Ba sai na ci da yawa ba, in dai dafa ta da hannuna." Na ce to. Wallahi to na ce.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe. Za a ɗauki gawa daga gidana zuwa filin 'yan gwangwan da ke hanyar Weimar. Ana buƙatar ƙarti shida, don tirela ba ta tafiya. Kada a kawo fure, kada a kawo shawara. Wanda ke son taimaka wa mai makoki, ya zo da motarsa bayan an watse, ya kai ni gidan tsofaffi, ɗaki na sha ɗaya, ya tsaya a bayana ya tare ƙofa, kada in gudu kafin in faɗa wa Baba. Sau biyu ina zuwa ni kaɗai, ina juyowa daga bakin barandar.