Yaƙin Malam Haladu da Farfesun Gidan Ilu

Da sunan Mai ciyar da tsuntsu a sama da tsutsa a cikin dutse. Wannan shi ne tarihin Malam Haladu tela na bayan tasha a Funtuwa, ɗan Mudi Mai-Akushi, wanda bai taɓa tashi ya bar loma a kwano ba, jikan Jatau Ci-da-Gumi, wanda masu biki ke ƙara tukunya idan sun hango rawaninsa. Zuriya ce da ba ta san juya wa abinci baya ba. Shi kuwa Haladu ya gaje su har ya ɗara: barden tabarma, dodon malmala, guguwa mai share faranti, gwarzon da ƙashi ke shiga bakinsa da ɓargo ya fito fayau kamar sarewa.

Amma ba'adu. Wata rana jiri ya ɗebi sadaukin a kan keken ɗinki, matarsa Gaje ta tasa shi gaba har asibiti. Likita ta ɗaure masa dantse, ta ɗebi jininsa, ta dube shi ta saman tabarau, ta yanke hukunci: jini ya hau, suga kuma yana bakin ƙofa yana sallama. Ta ba shi wa'adi zuwa ƙarshen wata. Ko ya rabu da kitse da gishiri da zaƙi, ko ta ɗora shi a kan allura kullum har iyakar rayuwa. Haladu ya tsufa yana soka wa yadi allura, amma bai taɓa yarda a soka masa ba sai an danne shi. Ga 'ya'ya biyar a gida, autarsu ko firamare ba ta gama ba. A nan ya ɗaura ɗamara, ya yi shelar jihadi a kan maƙogwaronsa.

A cikin gida yaƙin bai yi tsanani ba, domin Gaje ta riƙe madafa kamar ganuwa. Fagen fama na gaskiya shi ne ciyayya. A unguwarsu, da an sallame Magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa ƙofar gidan Alhaji Sambo mai taya, a jera a tabarma, kowa ya sa hannu a na kowa. Wanda ya daina fitowa, ko a ce yana gaba da mutane, ko a ce tukunyarsa ta mutu.

Sai ga jarumi ya fito, makaminsa faten acca marar gishiri da ɗan kwaɗon zogale, ya tarar rundunar maƙiya ta yi sahu. A hannun dama ga masa tana wanka a man shanu. A hagu taliya ta yi jajir da manja. A tsakiya tuwon shinkafa ya kafa sansani, miyar taushe ta kewaye shi. Ran Juma'a kuwa sai babban amirin rundunar ya bayyana da kansa, wato farfesun kan rago na gidan Ilu direba, wanda ƙamshinsa ke riga shi isowa kamar 'yan share fage.

Ilu taubashin Haladu ne, saboda haka ba a hana shi faɗin abin da ya ga dama. Ya leƙa kwanon gwarzon ya ce, "Ɗan'uwa, ashe yanzu kai da akuyarmu tukunyarku ɗaya. In ta rage zan riƙa aiko maka."

Aka yi dariya. Haladu kuwa a lokacin yana fama da tawaye a cikin gida: hannunsa na dama ya bar zogale ya nufi kwanon masa ba da izini ba. Ya kamo shi, ya zauna a kansa, ya ci da cokali a hagu yana istigfari.

Da ya ga haƙuri ba zai fisshe shi ba, sai ya zaro makamin da ya girgiza unguwa. Ya fara zagin abokan gaba, wato abincin, a gaban masu cinsa. "Ku ci," in ji shi. "Man nan da kuke gani yana sheƙi, haka zai je ya daskare muku a jijiya, kamar kitse a tukunyar da ta kwana." Ba don ya ceci kowa ya faɗa ba, don dai yawun bakinsa ya tsaya ne. Ya ga dabarar ta yi aiki, sai ya mayar da ita wuridi. Kullum da sabuwar huɗuba: yau shanyewar ɓarin jiki, gobe yanke ƙafa, jibi ƙoda ta gaji ta ajiye aiki. Abin da likita ta faɗa ya faɗa, wanda ba ta faɗa ba ya ɗinka ya haɗa. Jama'a na ci suna ce masa Allah ya sawwaƙe, Malam.

A Juma'ar da ta gabaci wa'adi aka yi karon da marubuta ba za su manta ba. Ilu ya tsamo harshen rago ya ɗora a gefen kwanon Haladu, romo ya gangara ya ratsa acca. Jarumi bai san lokacin da naman ya shiga tsakanin yatsunsa ba, sai dai ya gan shi a hanya, tururinsa na dukan gashin baki. Ya hango allura. Ya hango auta da jakar makaranta. Ya ce, "A'uzu billahi," ya mayar da naman, ya suri takalmansa ya ja da baya, ja da bayan da masana yaƙi ke kira dabara. Sauran kwanakin a ɗaka ya yi ribaɗi, ya daina fita ciyayya, Gaje na gaya wa masu tambaya mura ce.

Ranar hisabi likita ta auna, ta sake aunawa, ta cire tabarau. Jini ya sauka, suga ya koma inda ya fito, babu allura. Har ta ba da fatawa: sau ɗaya a mako yana iya cin nama kaɗan, ban da kitse. Ranar kuwa Juma'a ce.

Wa ya ga dawowar mai nasara. Ya ƙi abincin rana don ya share wa baƙo masauki. Ya sa riga mai yalwa, ya sassauta mazagi, ya yi Magariba a sahun gaba kusa da ƙofa. Da ya iso tabarma mutane suka miƙe, Alhaji Sambo ya zaunar da shi a kan buzunsa. Aka fara buɗe kwanuka. Na farko zogale. Na biyu zogale da rama. Na uku faten acca, fari fat. Haladu bai damu ba, idonsa na kan babbar kular gidan Ilu. Aka ɗaga murfi, tururi ya tashi, dafaffen kabeji ya bayyana.

Ashe bayan janyewarsa Alhaji Sambo ya ji yatsa ya yi masa nauyi, ya tuna huɗuba, ya ruga kemis aka auna shi. Sauran suka bi sahu, jinin Ilu ya fi na kowa hawa. Labari ya shiga gidaje, mata suka karɓe mulki.

"Kai ka cece mu, ɗan'uwa," in ji Ilu, ba alamar wasa a fuskarsa. "Tun da ka kawo zancen tukunyar da ta kwana, ko kallon romo ba na iyawa. Mun naɗa ka Sarkin Ganye."

Haladu ya dubi tabarma daga wannan baki zuwa wancan, kore shar kamar fadama. Ya ja mazaginsa ya ƙara ɗaurewa, ya wanke hannu.

"Miƙo min zogalen," in ji shi.

Alhaji Sambo ya ce, "Ranka ya daɗe, wanne daga ciki?"