Mawaƙiya a Cikin Kwantena

Duk faɗin Cape Town babu gwanin tsara opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, kamar Darakta Cedric Fortuin. Ba jita-jita ba ce, daga bakinsa aka ji. Tun da ya yi ɗan kwas a Berlin bai sake cire gyale daga wuyansa ba, ko a zafin Janairu, lokacin bazarar can. Ma'aikatan bayan labule suna ce masa Na-Berlin, yana amsawa, a zatonsa sarauta ce.

Bana tsohon labarin Girkawa ya ɗauko, na mawaƙin da ya bi matarsa har lahira don ya dawo da ita. Mutanen da, saboda ƙarancin ilimi, sukan bar matar a fili kowa ya gan ta. Na-Berlin ya sa aka girke kwantenar tashar jiragen ruwa a kan dandamali, ya ce ita ce lahira. A ciki matar za ta rera waƙarta, a rufe, har a tashi.

"Mutuwa rashi ce," in ji shi, yana kallon rufi. "Wa ya taɓa ganin rashi? Ko a Turai sai an jima kafin a fahimce ni."

Zikhona Dyantyi ce za ta fito a matsayin matar, karonta na farko ke nan a babban wasa. Uwarta ta riga ta kama hanya daga garinsu Cofimvaba don ta ga 'yarta.

"Darakta, ko hannuna ne a bari ta gani," in ji Zikhona.

"Sisi," in ji shi, wato 'yar'uwa a bakin mutanen can, "ke murya ce. Murya tana da hannu?"

Tata Velile, wato Baba Velile, dattijon leburan da bayansa ya ƙare a ɗaukar katakon gidan wasan, shi dai ya huda wa kwantenar kafofin iska, don da alama kwas ɗin Berlin bai kai ga batun numfashi ba.

Ranar buɗewa zaure ya cika. Ta gefen labule Tata Velile yana hango tsohuwar, uwar Zikhona, ta ci ɗaurin ɗankwalin coci, ta ƙura wa ƙarfe ido. Ya san abin da zai yi na iya cin aikinsa. Da aka shiga waƙar ƙarshe ya fito da rigar aikinsa, ya zare sakata, ya wangale ƙofa, ya koma. Ga Zikhona tsaye cikin haske, jiƙe da zufa, muryarta ba ta ko girgiza ba. Tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Zaure ya miƙe.

Na-Berlin bai gani ba. Yana waje da kofi a hannu, yana yi wa wani ɗan jarida bayanin kansa.

Washegari jaridu suka yi ca. Wai buɗe ƙofar nan, da leburan nan, basira ce da ba a taɓa gani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na-Berlin ya tara ma'aikata, ya gyara gyale.

"A bakin wani kogi a Berlin tunanin ya zo min. Na ɓoye muku ne don kada ku ɓata shi."

Da aka watse ya ja Tata Velile bayan kwantena, ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Tata, tuna min. A daidai ina na ce a buɗe?"