Ranar da Farantin Haladu Ya Kamo Arfa

Wani mutum ne a Tudun Gawo, ana ce masa Haladu Na-Riga-Ka. Ba a banza sunan ya bi shi ba. Ka ce ka ci kaza jiya, zai ce shi talo-talo ya ci shekaranjiya. Ka ce ciwon kai ya dame ka, zai ce nasa sai da likitoci suka yi taro a kansa. Ko gaisuwar mutuwa aka je, da za a ƙyale shi sai ya ce ya riga mamacin. Sana'arsa facin tayar babur ce a bakin kasuwa, amma in ya buɗe baki sai ka rantse da shi ake raba arzikin ƙasa.

To, a shekarun da farantin satalayit ya fara leƙowa ƙauyuka, Haladu ya shiga birni sayo kayan faci, sai ga shi ya dawo da faranti ɗaure a bayan mota. Wajen 'yan gwangwan ya samo shi, duk ya yi tsatsa, gefe guda ya lotsa. Ya buge lotsawar da guduma, ya shafe shi da farin fenti, ya hau rufin ɗaki ya kafa. Kowa ya san faranti sama yake kallo. Na Haladu titi yake kallo, daidai saitin teburin mai shayi, don a ganinsa ba amfanin kayan da mutane ba sa gani.

Sai da ya koma birni ya yi tambaya sannan ya gane ya yi sayen kura da fatar akuya. Ashe faranti shi kaɗai bai fi faifan rufe tukunya ba. Sai an haɗa da risiba, akwatin nan da ke kamo tashoshi, sai an kira mai saiti, sannan duk wata sai an biya. Haladu ya saurara tsaf, ya gyaɗa kai irin na manya, ya ce zai dawo. Har yau ana jiransa. Wayar da ta sauko daga rufi kuwa ya zura ta taga, ya ɗaure ta a ƙafar gado.

Amma fa gari ya ɗauka. Kullum da safe sai ya kara 'yar rediyonsa a kunne, ya rage murya, ya kwashe labaran duniya. Sannan ya fito wajen mai shayi yana murza ido.

"Wayyo idona. Tashoshin nan sun yi min yawa," in ji shi. "Ku kun huta, da kunne kuke ji. Mu da muke gani da ido mu ke shan wahala."

In an ce za a zo kallo, ba ya rasa ta cewa. Yau ana gyaran tauraro. Gobe hadari ya tare hanya a can sama. Jibi kuma Turawa sun tafi hutu. Mutanen Tudun Gawo ba su san kan abin ba, sai su ce Allah ya kyauta, su ƙara masa girma.

Da ya tsaya nan da ya ci bulus. Amma baki shi ke yanka wuya.

Akwai wata bazawara a garin, Hansai, 'yar Malam Sabi'u, mace mai hankali da iya dama fura. Haladu ya mutu a kanta, kuma wannan kam ba cika baki ba ne, da gaske yake sonta. A shekarar Malam Sabi'u ya tafi aikin Hajji, ya bar maganar auren a hannun matarsa Goggo Ladi da ƙanensa Alhaji Ɗanliti, wanda shi ne waliyyin Hansai. Su biyun nan in suka ce e, an gama. In suka ce a'a, sai dai Haladu ya auri farantinsa.

Rannan ya je gaida Goggo Ladi, ya durƙusa har ƙasa. Ta ce hankalinta ba a kwance yake ba, tun da Malam ya tafi ba ta ji ɗuriyarsa ba. Mai hankali sai ya ce Allah ya dawo da shi lafiya, ya tashi. Haladu ya gyara zama.

"Goggo, ai jiya na ga Baba a faranti yana ɗawafi. Ya ɗan rame, amma ƙalau yake."

Goggo ta dafe ƙirji, hawaye ya cika mata ido. "Ɗan nan, da gaske? To ranar Arfa zan zo in gan shi da idona. In ka nuna min Malam a wurin nan, ba abin da za ka nema a gidan nan in hana ka."

Haladu ya ƙaƙalo murmushi. Ya ce, "Ai ba komai, Goggo." Ya fito gumi na bin bayansa.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Har daga ƙauyukan gefe ana aikowa a ajiye musu wuri.

Haladu ya kasa cin tuwo, ya yi ta saƙa da warwara, har dabara ta faɗo masa. Yana da talabijin, yana da bidiyo mai cin faifai, yana da ɗan janareta mai tari. Sai ya hau babur ya tafi garin da ke gaba, shagon wani Isiyaku mai sayar da fayafayan kallo.

"Faifan Arfa nake so," ya ce yana waige-waige. "Amma ba na Larabawa zalla ba. Wanda ake ganin irin mutanenmu."

"Ka zo a sa'a," in ji Isiyaku. "Akwai wani da aka taɓa kawo min in kwafa, alhazan yankin nan ne ma a ciki."

Haladu bai tambayi na wace shekara ba ne, bai tambayi wa ya kawo ba. Ya dawo gida ya kulle ƙofa, ya saka. Ga dutse, ga rana, ga jama'a fari fat kamar an shanya auduga. Ya yi dariyar mugunta. Harami ai harami ne, na bana da na bara duk farare ne. A cikin wannan taro, kowane tsoho ya nuna daga nesa ya zama Malam Sabi'u. Ya kashe janareta don kada mai ya ƙare, bai kalli sauran ba.

Ranar Arfa tun da hantsi tsakar gidan Haladu ta cika maƙil. Mata da tabarminsu a gefe, maza a gefe, mafi yawa da azumi a baki. An ɗora talabijin a kan tebur, an lulluɓe teburin da zane har ƙasa, bidiyo na ɓoye a ƙarƙashi. Goggo Ladi ta zauna gaba, Hansai a bayanta. Aka kawo wa Alhaji Ɗanliti kujera ta musamman kusa da talabijin, tunda shi ya sauke farali bara waccan, shi zai riƙa yi wa mutane bayani.

Haladu ya fito cikin shadda mai sitati, tana ƙaurau-ƙaurau. Ya hau tsani ya kama faranti, ya juya hagu, ya juya dama, ya ɗaga kai yana hararar sama kamar ya san tauraron da suna.

"Ya kawo?"

"Bai kawo ba," jama'a suka amsa.

"Cunkoso ne. Yau duk duniya tashar nan ake nema. Bari in shigar da mu ta gaba."

Ya sauko, ya sunkuya kamar mai gyara waya, ya zura hannu ƙarƙashin zane ya danna. Tar, sai ga Arfa. Gida ya ɗauki kabbara. Wata tsohuwa ta fashe da kuka. Alhaji Ɗanliti ya gyara hula ya shiga bayani, nan ne kaza, can ne kaza, har ya ce ikon Allah, wurin bai canja ba ko kaɗan.

"Ina Malam?" in ji Goggo.

"A yi haƙuri, Goggo, yanzu zan nemo shi." Haladu ya bi allon da yatsa, ya tsaya kan wani tsoho mai lema da ya ba da baya. "Ga Baba can."

Goggo ta matso, ta ƙanƙance ido. "Malam ne ya yi wannan tsawon?"

"Zamzam ne, Goggo. Haka yake miƙar da mutum."

Goggo ta gyaɗa kai tana share hawaye, tana sa masa albarka. Hansai ta saci kallonsa ta sunkuyar da kai. Haladu ya ji kansa ya yi gingirin. A ransa har ya fara zaɓen wanda zai yi masa abokin ango.

Sai hoton ya girgiza, ya bar dutse, ya shiga cikin wani tanti. Aka ji murya da Hausa raɗau tana cewa, "Alhaji, juyo ka gaisa da mutanen gida mana."

Wani ƙaton mutum ya juyo, cinyar kaza a hannu, maiƙo a baki. Fuskarsa ta cika talabijin dam.

Janareta kaɗai ke tari. Kawunan jama'a suka tashi daga talabijin suka sauka kan kujera, suka koma talabijin, suka dawo kujera. Hancin ɗaya, gemun ɗaya, har wushiryar.

"Mai kama da shi ne," Haladu ya ce da wata siririyar murya. "Ai duniya da faɗi."

Talabijin ya yi gyaran murya. "Ni ne Alhaji Ɗanliti na Tudun Gawo. Ina gaida kowa da kowa. Ina gaida yayana Malam Sabi'u da na baro a gida, Allah ya sa shi ma ya zo wata shekara."

Haladu ya yi wuf zai kashe. Ƙafarsa ta harɗe da zanen tebur, zane ya zame, bidiyo ya faɗo tim a gaban Goggo, ya buɗe baki ya turo faifai waje kamar mai gwalo. Dariyar da aka yi ran nan, har masu azumi sai da suka ji ƙishirwa ta ƙaru. Goggo Ladi ba ta yi dariya ba. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don hawayenta na gaske ta zubar a kan tsohon wasu. Ta naɗe tabarmarta ta ce, "Hansai, tashi mu je."

Alhaji Ɗanliti ya miƙe a hankali, ya shafa ƙirjinsa, ya shafa gemunsa, kamar mai tabbatar da cewa yana nan.

"Haladu, ni dai na san da azumi na zauna a kujerar nan. Amma tunda farantinka ya ce ina Arfa ina cin kaza, wa ni in yi gardama da tauraro?"

"Baba Alhaji, don Allah a tsaya in yi bayani. Maganar Hansai..."

"Ai ba wani bayani, ɗana," in ji Alhaji yana saka takalmi. "Ka san ba a ɗaura aure sai da waliyyi. Ni kuma ka gani da idonka, ina Makka. Sai ka jira in dawo."