Yadda Ake Zaga Duniya da Kyamara Ba a Bar Unguwa Ba

Kai da kake wuni kana kallon hotunan mutane a waya, wannan a kan dutse, wancan a bakin ruwa, kowa ya juya wa kyamara ƙeya yana hangen nesa kamar wanda aka sace wa akuya, share hawayenka. Ka bi matakan nan. Na yi maka alkawari kafin wata ya mutu za a riƙa kiranka matafiyi mai zurfin tunani, alhali ko tasha ba ka leƙa ba. Dabarar gwadajjiya ce. A wurin Sanyi-Ƙalau na gan ta, mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, wanda shagonsa ke kallon nawa, kuma ta yi masa aiki har ta wuce gona da iri.

Mataki na 1: Kada ka je ko'ina

An ce tafiya mabuɗin ilimi, amma wanda ya faɗa bai san cikin Sanyi ba. Shi mutum ne da mota na shan kwana hanjinsa zai ce a sauke shi. Ko a ƙarshen gari aka kira shi gyara, da ƙafa yake zuwa, akwatin kayan aiki a kafaɗa.

Sai dai sana'arsa ta hawan rufi ce. Wata rana da yamma yana saman wani otal yana fama da injin da ya ƙi tashi, ya ɗaga kai ya ga rana tana faɗuwa, sama ta yi jajir. Ya ɗaga waya sama yadda tankunan ruwa da wayoyin lantarki ba za su fito ba, ya ɗauka, ya saka a shafinsa. Kafin ya sauko wata ta rubuta, "Masha Allah! Wace ƙasa ce wannan?"

Ya rubuta "saman otal". Ya dubi kalmomin, ya ga ba su da kwarjini, ya goge. Ya rubuta: "Nesa."

Ka riƙe wannan kalma. Ita ce jarinka.

Mataki na 2: Koyi durƙuso

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Duk abin da ka kwanta rubda ciki ka ɗauka daga ƙasa, sai ya zama babba. Tulin tsakuwar da aka jibge a gaban wani kango, Sanyi ya mayar da shi tsauni mai tsoratarwa. Kududdufin da ke bayan wurin wankin mota kuwa, da ya jira asuba ya kwanta a gefensa, sai ga tafki lafiyayye, gajimare na shawagi a ciki.

Ka tsince ledoji tukuna. Tsohuwar tayar da ke tsakiya, in ta ƙi fita, ka ce tsibiri ne.

Za a gan ka, ka sani. Maigadin kangon ya taɓa tarar da Sanyi a kwance cikin ƙasa, ya zo da gudu da butar ruwa yana cewa, "Innalillahi! Malam, farfaɗiya ce?"

"Aiki nake yi," in ji Sanyi, bai ko ɗago ba. "Matsa, inuwarka ta rufe mini dutse."

Mataki na 3: Rubuta tunani mai nauyi a ƙarƙashi

Hoto ba tunani kamar shayi ne ba sukari. A ƙarƙashin tulin tsakuwa Sanyi ya rubuta: "Dutse bai ce komai ba, amma ya gaya mini komai." A ƙarƙashin kududdufi: "Na zo neman ruwa, sai na tsinci kaina."

Ga ma'auni: ka karanta abin da ka rubuta. In kai da kanka ka gane ma'anarsa, goge, bai nuna ba.

In an matsa maka da tambayar ina ne, ka ce wasu wuraren ba sa son a kama sunansu. Nan take za a ce kai waliyyin hoto ne.

Mataki na 4: Kada ka nuna wa matarka

Matar Sanyi ta karɓi wayar tana tsaka da ninke wanki, ta ƙura wa tafkin ido.

"Baban yara, wannan ba shi ne ruwan da takalmin Auta ya faɗa ciki ba?"

"Ke ba ki san fasaha ba."

"Na san warinsa dai," in ji ta, ta miƙa masa wayarsa. "Ka ci gaba. Ramin ƙarya ƙurarre ne."

Kada irin wannan ya karya maka gwiwa. Babu wani babban mutum a tarihi da matarsa ta yarda babba ne.

Mataki na 5: Ka ji tsoron wanda ya yarda da kai

Mai zagi ba ya cutarwa. Masoyi na gaskiya shi ne bala'i.

Surukin Sanyi, wanda kowa ke kira Baba, ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa a wani ɗan shago can cikin kasuwa yana sayar da zare da maɓallai, inda rana ba ta shiga sai ta hudar kwano. Bai taɓa zuwa ko'ina ba. Da ƙafa ta gaza ya zauna a gida, jikoki suka koya masa waya, sai ya kamu da son hotunan mijin 'yarsa. Yakan manna wayar a hanci, saboda idonsa ya fara hazo, ya sa a karanta masa tunanin da ke ƙasa, ya girgiza kai ya ce, "Yaron nan akwai hankali."

Wata Asabar ya aika a kira Sanyi. Sanyi ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya tsuguna can gefe, kai a sunkuye.

"Ɗana," in ji Baba, "likita ya ce idon nan tafiya yake yi, kuma ba mai dawowa ba ne. Ban damu ba, na ga maɓallai sun ishe ni. Abu ɗaya nake roƙo. Tafkin nan naka, ka kai ni in gan shi kafin fitilar ta mutu."

Sanyi ya ji kamar an zuba masa ruwan firji a gadon baya. Ya buɗe baki zai yi magana, ya ga tsohon yana murmushi yana jira.

"To, Baba," in ji shi.

Mataki na 6: Kawo uzuri, amma ka san yana ƙarewa

Sanyi ya ce hanya ta lalace. Baba ya ce ai ba sauri suke yi ba. Ya ce akwai sauro. Baba ya sa aka sayo masa dogayen safa. Ya ce babu mota, sai ga ƙanin matarsa, direban wani kamfani, ya ce maigidansa ya ara masa ta ranar hutu.

Matarsa ba ta yi dariya ba a wannan karon.

"Ubana ne," in ji ta. "Tun da aka gaya masa maganar idon nan bai ci abinci da daɗi ba sai da ka ce to. In ka kai shi bayan wurin wankin mota, wallahi ka nemi wata. Ko ka gaya masa gaskiya, ko ka nemo masa ruwa."

Sanyi ya auna gaskiya, ya auna ruwa. Ya ga ruwa ya fi sauƙin samu.

Mataki na 7: Nuna hanyar da ba ka sani ba da cikakken ƙarfin hali

Suka fita da sassafe. Baba a gaba da sabuwar riga da safarsa, Sanyi a baya rungume da ledar amai. Ba su gama fita gari ba ledar ta fara aiki.

"Yaya, kai da kake tafiye-tafiye?" in ji direba, yana kallonsa ta madubi.

"Motarka ce ba ta da kyau. Yi dama."

"Dama gidan mutane ne."

"To, sun yi gini. Miƙe."

A gidan mai ya fita kamar zai kama ruwa, ya zagaya ya kama hannun mai zuba mai. "Ɗan'uwa, don girman Allah, akwai wani babban ruwa a nan kusa? Kowane iri."

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce in suka wuce gada suka bi burji, akwai tsohuwar madatsar ruwa. Sanyi ya koma mota ya ce, "Yawwa, yanzu na tuna."

Mataki na 8: In ka isa, rufe bakinka

Burjin ya ƙare a kan wani tudu, sai ga ruwa. Ba irin na hoto ba ne. Launinsa kamar shayi da madara, bakinsa duk taɓo da sawun shanu. Amma faɗinsa ya wuce inda ido ke kaiwa, kuma wata iska tana tasowa daga kansa, irin wadda duk injinan da Sanyi ya gyara a rayuwarsa ba su taɓa fitarwa ba. Ya tsaya baki buɗe. Bai taɓa ganin ruwan da ya fi ƙarfin tsallakewa ba.

Suka riƙo Baba har bakin ruwa. Ya tsaya, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana kallo.

"Bai kai na hoton kyau ba," in ji shi.

"Haka ne, Baba. Sai da asuba yake yin kyau."

"Ina tsibirin?"

"Ruwa ya cinye shi."

Baba ya sa aka cire masa safa, ya zauna a kan dutse ya tsoma ƙafafu, ya yi wata 'yar ƙara kamar yaro. Sannan ya ce, "Ƙyalli kawai nake gani. Ɗana, gaya mini abin da ke can."

Sanyi ya gyara murya. "Baba, ruwa madubin rai ne, wanda duk ya..."

"Kai, bar wannan. Wannan na waya ne. Me ke wurin?"

Sanyi ya ɗaga ido. Sai ya duba da gaske. Ya ce akwai shanu can gefe, ɗaya ta shiga har wuya ta ƙi fitowa, mai su yana ta jifanta da ɓurɓushin ƙasa. Ya ce akwai mata suna wanki, sun shanya zannuwa a kan ciyawa, wani ja, wani ruwan ƙwai. Ya ce ga wani farin tsuntsu tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran a sallame shi, ga mai kwalekwale yana kwarfe ruwa da gwangwani yana zagin kwalekwalen.

"Saniyar ta fito?"

"Ba ta fito ba, Baba."

"Ta yi daidai," in ji Baba, yana dariya har da hawaye. "Ci gaba."

Haka suka wuni, Sanyi yana faɗa, tsoho yana tambaya, direba yana barci a mota. Sai da suka kama hanyar gida Sanyi ya tuna bai ɗauki hoto ko ɗaya ba.

Mataki na 9: Karɓi sakamakonka

Suna shiga gari Baba ya juyo daga kujerar gaba. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Na sa jikoki sun ƙirga mini, wuraren da ka je suna da yawa. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya tun ido na da saura."

Tun daga ranar, duk hutun mako suna kan hanya. Sanyi ya rame, amma cikinsa ya fara sabawa. Yanzu hotunansa na gaske ne, shi ya sa mabiyansa suke ta guduwa. Wani ya rubuta masa, "Malam, ka koma wuraren da, waɗannan ba su da ruhi." Matarsa kuwa ta koma zuba masa nama biyu.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya same ka. In maigadi ya watsa maka ruwa, in kududdufi ya sa maka ƙaiƙayi, in surukinka ya mallaki waya, kai ka jawo wa kanka, kada ka zo mini shago. Kada kuma ka je wurin Sanyi, ba ya nan. Baba ya ce wannan makon sai ruwan nan mai zubowa daga kan dutse, wanda asalinsa bututun tankin wani asibiti ne da ya fashe. Duk wanda ya san inda ake samun na gaske, don Allah ya kira shi kafin Asabar.